WAƘAR NAN-TAKE: DAGA DANDALIN MUSAWA ZUWA MASAƘUN KAKURI



A wannan makon za mu ɗan jingine zancen gajeren labari da ƙa'idojin rubutu, mu leƙa gidan maƙwabtanmu makaɗa da mawaƙa. Tambayar da za mu bi sawunta ita ce: me ya sa mutumin da ya ɗauki kiɗa don sha'awa kawai, bai gada ba, ba kuma da shi yake cin abinci ba, ya fi karkata ga ƙago waƙa nan take maimakon rera waƙoƙin da kowa ya riga ya sani? Wasu kan ce kasala ce, wasu su ce rashin iyawa ne. Tarihin waƙar Hausa yana da wata amsar daban. Maganar kuma ta shafe mu kai tsaye, domin mafi yawanmu 'yan sha'awa ne a fagen rubutu. Akwai malaman makaranta a cikinmu, akwai ɗalibai, 'yan kasuwa da matan aure. Ƙalilan ne suka tarar da alƙalamin adabi a gidansu.

SHIRYAYYA DA ƘIRE

Masu nazarin waƙar baka sun saba bambanta hanyoyi biyu na samar da waƙa. Shiryayya ita ce wadda makaɗi ya zauna da yaransa a gida, aka ƙulla ta ɗa bayan ɗa, aka yi ta bita har ta zauna a bakin kowa, sannan aka fito da ita gaban jama'a. Ƙire kuwa ita ce wadda ake haifa a fili, a gaban mutane, kiɗa na tashi mawaƙi na ɗora magana. Babu makaɗin da yake ɗaya zalla. Mai shiryayya yakan yi ƙari idan wani babba ya shigo, mai ƙire kuma ba da hannu wofi yake zuwa fili ba. Amma kowa da ɓangaren da ya fi nauyi a wajensa, kuma ba zaɓin banza ba ne. Matsayin mutum a cikin al'umma ne kan tura shi ɗaya daga cikin hanyoyin biyu.

WAƘA TANA DA MAI ITA

A tsohon tsarin ƙasar Hausa, kiɗa sana'a ce ta gado, kamar ƙira da jima da wanzanci. Kowane rukuni na jama'a yana da makaɗansa, kowane kayan kiɗa yana da gidan da yake yi wa aiki. Tambari da kakaki na sarki ne. Taushi da kotso da jauje na fada ne. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. 'Yan dambe da 'yan tauri da mafarauta kowa da nasa. Ba kayan kiɗa kaɗai ba, har take da kirari suna da masu su. Taken sarkin wani gari ba a kaɗa wa wani, kuma makaɗin da ya ɗauki waƙar ubangidan wani ya kai wata ƙofa ya jawo wa kansa magana.

A irin wannan tsari ne shiryayyar waƙa ta yi ƙarfi. Mu dubi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Ya gaji kiɗa daga mahaifinsa, ya yi shekaru a bayan yayansa Kurna kafin ya zama jagora. Duk wanda ya saurari waƙoƙinsa zai lura da wani abu: yakan fara magana, kafin ya kai ƙarshenta 'yan amshi sun karɓe sun ƙarasa masa, da murya ɗaya, babu mai tuntuɓe. Wannan ba ya yiwuwa sai da doguwar bita. Haka tsarin yake a wajen Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da sauran manyan makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara. Waƙar sarki tana ɗauke da jerin kakanni da tarihin yaƙe-yaƙe. Kuskuren suna ɗaya a gaban fada abin kunya ne babba. Don haka dole a shirya, kuma akwai halin shiryawar: ubangida ne ke ci da makaɗi da yaransa, ya ba su gida da doki da sutura, su kuma ba su da wani aiki sai saƙa magana.

To, mutumin da bai fito daga irin wannan gida ba fa? Hausawa na kiran sa ɗan haye. Ba shi da taken da ya gada, ba shi da ubangidan da zai riƙe masa yara, waƙoƙin da aka sani kuma duk suna da masu su. Idan ya rera ta wani, kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa a buɗe: ya faɗi abin da ke bakinsa, a kan abin da ke gabansa. Wannan shi ne dalili na farko, kuma shi ne uwar sauran.

SAURAYIN DA KE WAƘA A DANDALI

Babu misalin da ya kai na Alhaji Mamman Shata fito da wannan magana fili. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina, mafi yawan marubuta tarihinsa sun tsaya a kan shekarar 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya yi waƙa ba, domin a ganinsa roƙo ne, roƙo kuwa zubar da girma ne ga wanda bai gada ba. Sana'ar Shata ta farko tallar goro ce. Waƙa kuwa da dare yake yin ta a dandali tare da sauran samari, bayan an ci tuwo, ba don a ba shi ko anini ba. A taƙaice, mawaƙin da ya fi kowa shahara a ƙarni na 20 a ƙasar Hausa ya fara ne a matsayin ɗan sha'awa.

Dandali ne ya koya masa ƙire. A dandali babu wanda zai tsaya ya saurari tarihin sarakuna. Abin da ake so shi ne a ji sunan wance da ta yi sabon kitso, a zolayi wane da ya tsere daga gona, a mayar wa samarin wata unguwa martanin abin da suka faɗa jiya. Waƙar da aka shirya makon jiya ta riga ta kwana. Wanda ya fi saurin baki shi ke da fili.

Da ya bar Musawa ya zauna a Bakori ƙarƙashin Abdullahi Inde, daga baya ya yi zama mai tsawo a Funtuwa, waƙa ta zama sana'arsa. A 1952 ya yi wasa a bikin 'ya'yan sarki a Kano, sunansa ya fara zaga ƙasa. Amma bai sauya hanyar dandali ba. An san shi da cewa ba ya zama ya yi bitar waƙa. Ya ɗauki kalangu, kiɗan da aka sani na mahauta da 'yan mata, ya yi wa sarakuna da attajirai da direbobi da 'yan siyasa waƙa da shi. Tun da bai gaji kowane gida ba, babu gidan da ya ɗaure shi. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba zuwa duniyar wata a 1969. Babu wani tsohon take da ke jiran kumbo. Sai wanda ya saba ƙago magana nan take ne zai iya tarar sabon abu irin wannan tun yana da zafinsa.

Ga dalili na biyu ke nan: duniya tana kawo abubuwan da tsofaffin waƙoƙi ba su san da su ba. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya gane haka. Da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, shi kaɗai ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da babu makaɗin gado da ya taɓa kallon inda yake. Haka Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da amada daga tsakar gida zuwa bainar jama'a. Amada kuwa asalinta kiɗan sha'awa ne na mata: a kifa ƙwarya a ruwa, a samu abin bugu, kowace ta jefa abin da ke ranta game da kishiya ko miji ko sana'a.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Kafin nan, a 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. Ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah. Abin da uba ya ɗauka wasan banza ne ya zama abin nazari a jami'o'i.

SAI DA RUWAN CIKI

Kada mu ruɗu, mu ɗauka ƙire na nufin buɗe baki a faɗi duk abin da ya zo. Mu sake sauraron kowace waƙar Shata da kunnen marubuci, za mu ga ginin da ke ƙarƙashinta. Kiɗan kalangu tsayayye ne, ba ya sauka daga kan ma'auninsa. Amshi layi ɗaya ne, gajere, yana dawowa a kai a kai. Wannan amshi shi ne gindin waƙar, kuma shi ne ke ba jagora damar numfashi da tunani: yayin da yara ke maimaita shi, shi yana ƙulla abin da zai faɗa a gaba. Idan ya maimaita layi sau biyu ko uku, yana jaddada magana ne, yana kuma sayen lokaci. Ga kuma sanƙira a gefe, yana jefo sunayen mutane da garuruwansu da asalinsu. Sannan a cikin kansa akwai rumbu: kirari, karin magana, sunayen garuruwa da hanyoyin da suka haɗa su, addu'o'in buɗe waƙa, salon zambo da habaici. Da waɗannan tubala yake gini a gaban jama'a. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai abin yake haka ba. Tsakanin 1933 da 1935, wani malamin Jami'ar Habad mai suna Milman Parry, tare da ɗalibinsa Albert Lord, sun je tsohuwar ƙasar Yugosilabiya suna ɗaukar muryoyin mawaƙan gargajiya masu amfani da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ɗan uwan gogenmu. Da yawansu manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, suna waƙa a shagunan shan gahawa, musamman a dararen azumi. Gwaninsu, Avdo Međedović, Musulmi ne da bai iya karatu da rubutu ba, ya kuma yi sana'ar fawa. Ya ba su waƙa guda mai layi fiye da 12,000. Abin da ya ɗaure wa masu binciken kai shi ne, mawaƙi zai rantse cewa waƙar da ya yi yau ita ce ta jiya kalma da kalma, amma idan aka gwada faya-fayan biyu sai a ga sun bambanta. Lord ya bayyana sakamakon a littafinsa The Singer of Tales a 1960: irin wannan mawaƙi ba hadda yake yi ba, sabon gini yake yi kowane dare da tsofaffin tubala. Da Lord ya zo Funtuwa, da bai sha wahalar gane abin da yake ji ba.

KAKURI: GARIN DA BABU MAI TAKE

Yanzu mu biyo auduga. Funtuwar da Shata ya zauna cibiyar auduga ce, mai gidan gurza, a kan layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Audugar wannan yanki da makamantansa ita ce ta ciyar da masaƙun da suka taso a kudancin kogin Kaduna. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello da kamfanin David Whitehead na Ingila. Kafin shekarun 1960 su ƙare, Nortex da UNTL da Arewa Textiles sun biyo baya, da jarin mutanen Hong Kong da Japan a wasunsu. An kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Dubban mutane suka kwararo: daga ƙasar Katsina da Kano da Zazzau, daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, har da kudancin Najeriya. A masaƙar Arewa ne Adams Oshiomhole ya fara aiki, kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982. Harshen da ya haɗa wannan taro a kasuwa da gidan haya shi ne Hausa.

Mu tsaya mu auna matsayin mai sha'awar kiɗa a irin wannan wuri. Mu ɗauki saurayin da ya baro ƙauyensu da ɗan kalangu ko gurmi a jakarsa, ya samu aiki a ɗakin saƙa. Ranar hutu an yi suna a gidan hayarsu, an ce ya taɓa musu. Wace waƙa zai yi? Taken sarkin garinsu ba ya motsa kowa a nan, domin maƙwabcinsa na dama Batibe ne, na hagu Bajju ne, mai gidan kuma Banufe. Kirarin manoma ba shi da wurin zama a tsakanin mutanen da jiniya ke tasa, ba zakara ba. Abin da ya haɗa su shi ne aikin dare, ƙurar auduga a maƙogwaro, bashin mai shago, jiran ƙarshen wata, da halin shugaban sashe. Babu tsohuwar waƙar da ta san waɗannan. In yana so a yi dariya, a yi shewa, a liƙa masa sule, dole ya duba fuskokin da ke gabansa ya ƙago. Sardauna yana da Ɗanƙwairo. Leburan masaƙa ba shi da kowa sai abokin aikinsa.

Akwai kuma maganar lokaci, dalili na uku. Masaƙu aikin karɓa-karɓa suke yi, na safe da na rana da na dare. Mutum huɗu da ke son yin waƙa tare da wuya hutunsu ya zo daidai. Shiryayyar waƙa irin ta fada tana son mutanen da ke kwana su tashi tare. Kiɗan zamani ma haka: Bala Miller, wanda ya kafa babbar ƙungiyar kiɗa a Kaduna a shekarun 1970, sai da ya tanadi jita da kayan busa na Turawa da wurin bita da matasan da za su zauna su koya. Wannan ya fi ƙarfin ma'aikaci. Ƙire kuwa ba ta tambayar komai sai amshi guda da za a koya wa jama'a cikin minti ɗaya, da tafi. Duk wanda ke wurin ya zama ɗan amshi.

Dalili na huɗu shi ne wanda masu abin suka fi ji a jikinsu. Mutumin da ya yi awa takwas a gaban injin, yana maimaita motsi ɗaya, ba shi da ta cewa a kan launi ko zanen atamfar da ke fita, idan ya tashi ba ya marmarin sake bin tsarin wani. A waƙar da ya ƙago ne kawai yake da iko daga farko har ƙarshe. Idan ya rera ta Shata, za a auna shi da Shata, kuma an san wanda zai faɗi. Idan ya yi tasa, babu wanda zai ce ya yi kuskure, domin babu wanda ya taɓa jin ta.

ABIN DA NA'URA TA YI

A 1962 aka buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna, a hayin arewa na kogin. Ta nan muryoyin Shata da Ɗanmaraya da Ɗanƙwairo suka shiga kowane ɗaki mai rediyo, daga Kakuri har Maraɗi. Faifan garmaho na farko minti uku ne ko ɗan fiye a kowace fuska, don haka waƙar da kan ɗauki rabin dare a fili sai an datse ta. Kaset ya zo ya faɗaɗa lokacin, ya kuma sauƙaƙa kwafi.

A nan wani abin mamaki ya faru. Waƙar da Shata ya ƙago a rana ɗaya, a cikin yanayi ɗaya, da na'ura ta kama ta sai ta daskare. Mutane suka haddace ta har da tarin da ya yi da sunan wanda ya gaisar a tsakiya. Idan aka samu wata ɗaukar ta daban ta waƙa guda, sai ka ji ana gardama a kan wacce ce ta asali, alhali a wajen mai ita kowacce ta asali ce. Ƙiren jiya ya zama haddar yau. Masu kwaikwayon Shata a wajen biki suna maimaita kalmominsa daidai, sun kuwa bar abu guda da ya sa ya zama Shata, wato kallon wanda ke gabansa ya yi masa magana.

Daga shekarun 1990, da finafinan Hausa da fiyano da situdiyo suka karɓe kasuwa, abin ya ƙara nisa. Yau a bukukuwa da dama mawaƙi kan riƙe makirfo yana motsa baki a kan muryar da aka riga aka ɗauka. Ba muna zagin wannan zamani ba ne, yana da gwanayensa. Muna dai nuna abin da aka rasa: waƙar da ke iya juyawa idan amarya ta yi murmushi ko wani baƙo ya shigo.

Kakuri ita ma ta sauya. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya saboda matsalar lantarki da tsadar man injin da kayan fasa-ƙwauri. Tsofaffin ma'aikata sun yi shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka raba mazauna Kaduna, kogi ya zama kamar iyaka. Taron da ya haɗa Bakatsine da Batibe a tsakar gida ɗaya ya watse.

INDA ƘIRE KE DA RAUNI

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. Ƙire tana da saurin faɗawa cikin maimaici da cikon baki. Mawaƙin da rumbunsa ya ƙare yakan koma jera sunaye da gaishe-gaishe har mai sauraro ya gaji. Zafin fili kan sa a saki zambon da za a yi nadamarsa, maganar da ta fita kuwa ba ta komawa. Zurfin hikimar da ke cikin waƙoƙin Narambaɗa, inda kowace kalma ke zaune a gurbinta, ba a samun sa sai da zama da tacewa. Haka rubutattun waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu: aikin gyara ne da sake gyara.

Babban rauninta kuwa shi ne gajeren rai. Shata ya tsira domin na'ura ta bi shi. Mai waƙar sha'awa na gidan haya, wanda ya sa unguwa dariya shekara ashirin, waƙarsa takan mutu a daren da aka yi ta, sai ɗan abin da ya maƙale a kan waɗanda suka halarta.

MU FA, MARUBUTA?

Abu uku muke ganin ya kamata mu ɗauka.

Na farko, mu daina jin kunyar zama 'yan haye. Da yawa cikin rubuce-rubucen sababbin marubuta suna tafiya ne a kan sawun littafin da ya yi kasuwa: attajirin saurayi, marainiyar yarinya, muguwar kishiyar uwa, gidan bene a Abuja. Wannan shi ne rera waƙar wani. Mai karatu zai auna mu da wanda muka kwaikwaya, kuma na farko ne zai ci. A unguwar kowannenmu akwai karen motar da ba a yi wa waƙa ba tukuna: mai cajin waya, mai tura ruwa, ungozoma, tsohon ma'aikacin masaƙa da ya koma gadi.

Na biyu, 'yancin ƙagowa ba ya zuwa kyauta. Wanda bai tara karin magana ba, bai saurari tsofaffi ba, bai karanta Magana Jari Ce da abin da ya biyo bayansa ba, bai san sunayen itatuwa da kayan sana'ar garinsu ba, idan ya ce zai rubuta abin da ya zo masa, abin da zai zo ɗin kaɗan ne. Kuma kamar yadda amshi ke riƙe mawaƙi, haka jigo guda tsayayye ke riƙe marubuci. Mu samu gindin labarinmu tukuna, sannan mu sake.

Na uku, mu muna da abin da mai ƙire ba shi da shi: damar komawa baya. Zubin farko mu yi shi kamar muna dandali, ba tsoro, ba waiwaye. Zubi na biyu mu zauna masa kamar yaran Ɗanƙwairo, mu tace har sai kowace kalma ta san wurinta. Wanda ya tura zubin farko ga jama'a da sunan ilhama ya ɗauki raunin ƙire ya bar ƙarfinta.

Ga kuma aikin wannan mako, musamman ga 'yan uwa da ke Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa, da duk wanda ke kusa da wata tsohuwar masana'anta a Kano ko Gusau ko Funtuwa. A nemi dattijo ko dattijuwa da suka yi zamanin masaƙu. A gaishe su da ladabi, a nemi izini, a tambaye su: Baba, wa ke yi muku waƙa a lokacin? Mama, me kuke faɗa idan an kifa ƙwarya? A rubuta abin da suka tuna yadda suka faɗe shi, ko da layi biyu ne, tare da labarin ranar da aka yi shi. A kawo mana nan mu karanta tare. Waɗannan mutane suna ta raguwa, kuma abin da ke kansu babu shi a kowane kaset.

Wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, fili a buɗe yake. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.